Firesof ko ɗaga ƙarfe a benci: wanne ya fi gina ƙirji?

Masu kallo, assalamu alaikum. A yau za mu gwada hanyoyi biyu da ake bi wajen gina ƙirji, wato firesof, wanda mutum ke kifawa ya tura ƙasa da hannuwansa, da kuma tura sandar ƙarfe sama ana kwance a kan benci.

Babbar tsokar ƙirji tana fitowa ne daga ƙashin wuya da ƙashin tsakiyar ƙirji, ta tafi ta manne da ƙashin damtse, kuma aikinta shi ne jawo hannu zuwa gaba da tsakiyar jiki. Wannan aikin take yi a duka atisayen biyu, tare da taimakon gaban kafaɗa da tsokar bayan damtse. Ita tsokar ba ruwanta da inda nauyi ya fito, na ƙarfe ne ko na jikin mai shi. Abin da ke sa ta girma shi ne a ɗora mata aikin da zai gajiyar da ita, sannan a riƙa ƙara shi sannu a hankali.

Mutane da yawa suna raina firesof, alhali nauyin da ke sauka a hannuwa ya kai kusan kashi 64 cikin ɗari na nauyin jiki. Ke nan mai kilo 70 yana tura kusan kilo 45 a kowane tashi, idan kuma ya ɗora ƙafafunsa a kan kujera nauyin zai haura kilo 50. A shekarar 2017 wasu masu bincike a Japan sun raba matasa gida biyu na tsawon mako 8, wasu na firesof, wasu na ɗaga ƙarfe marar nauyi sosai a benci, suka tarar kaurin tsokar ƙirji ya ƙaru kusan daidai a ɓangarorin biyu. Bayan haka, firesof yana barin allon kafaɗa ya motsa yadda ya kamata, yana kuma tilasta wa ciki da ƙugu su ɗaure, abin da mai kwance a benci ba ya samu sosai.

Inda ƙarfe ya yi zarra shi ne wajen ƙari. Sandar da ake gasa da ita kilo 20 ce, kuma ana iya ƙara mata kilo 2.5 kacal, a rubuta, a dawo mako mai zuwa a ƙara, a yi shekaru ana haka. Dubi Folashade Oluwafemiayo ta Najeriya, wadda ta ɗaga kilo 167 a benci a gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Paris a 2024. Shi kuwa mai firesof, da zarar yana iya yin talatin ko fiye a jere ba tare da wahala ba, atisayen ya fi karkata ga juriya, sai dai ya goya jaka mai nauyi ko ya koma lilo tsakanin sanduna biyu yana sauka yana tashi.

A ganina, wanda bai iya firesof ashirin masu kyau ba, ƙirji na kusan taɓa ƙasa, baya a miƙe, bai da dalilin gaggawar zuwa gidan motsa jiki. Wanda ya wuce nan kuma yana son ƙarfi na sosai, ƙarfe zai fi yi masa amfani, ya riƙa rufe atisayensa da firesof.

Sai dai ina roƙon matasanmu, musamman masu ɗaga ƙarfen da aka haɗa da siminti a unguwa, wanda sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kada kowa ya kwanta ƙarƙashin nauyi mai yawa ba tare da wani a tsaye a kansa ba, domin sandar da ta kuɓuce a kan wuya tana iya kisa. A zagaye sandar da babban yatsa, a matse allunan kafaɗa a baya, kuma kada a buɗe gwiwar hannu har ta yi daidai da kafaɗa.