Rahoton Uwais da bashin da ke kan magadan 'Yar'adua

Masu sauraro, assalamu alaikum. Duk shekara idan ranar 5 ga watan Mayu ta zagayo, za ku ji 'yan siyasa na kowace jam'iyya suna rige-rigen yabon marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua. Wannan ya ce mutum ne mai tawali'u, wancan ya ce bai damu da abin duniya ba. Gaskiya suka faɗa, Allah Ya jiƙansa. Sai dai a cikin masu yabon da wuya ka ji wanda ya ambaci babban aikin da ya fara bai ƙarasa ba, wato gyaran yadda ake gudanar da zaɓe a Najeriya.

Mu koma ranar 29 ga Mayun 2007, a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Sabon shugaba ya gama shan rantsuwa, sai ya faɗa da bakinsa, gaban duniya, cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, kuma zai kafa kwamitin da zai duba lamarin. Wanda ya yi zaɓen wannan shekara ya san abin da yake nufi. Kwanaki kaɗan kafin jefa ƙuri'a Kotun Ƙoli ta ce a saka sunan Atiku Abubakar, aka sake buga takardun ƙuri'a cikin gaggawa, suka iso babu lambobin da ake bin sawunsu da su. A wurare da dama kayan zaɓe sai da rana ta yi nisa suka zo, a wasu ma ba su zo ba, amma aka sanar da sakamako. Da ƙarar Janar Muhammadu Buhari ta kai Kotun Ƙoli a Disambar 2008, alƙalai 4 ne suka tabbatar da zaɓen, 3 suka ce a soke shi, ciki har da Mai Shari'a Aloma Mukhtar. Ƙuri'ar alƙali guda ce ta raba gardama.

'Yar'adua ya cika alkawarin kafa kwamiti. A watan Agustan 2007 ya naɗa mutum 22 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalan ƙasa, Muhammadu Lawal Uwais. Suka zagaya ƙasar, suka saurari jama'a, suka miƙa rahoto a Disambar 2008. Abin da suka ce a yi ba mai wuyar fahimta ba ne. Kada shugaban ƙasa ya riƙa zaɓo shugaban hukumar zaɓe. A tallata kujerar, Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta tace masu nema, Majalisar Magabata ta fitar da mutum guda, Majalisar Dattawa ta amince. A kafa hukuma ta musamman da za ta gurfanar da masu maguɗi, domin hukumar zaɓe ta INEC ba ta da hannun da za ta shirya zaɓe kuma ta bi ɓarayin akwati kotu-kotu. A gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Sannan idan an je kotu, hukumar zaɓe ce za ta nuna cewa ta yi aikinta daidai, a maimakon a ɗora wa wanda aka zalunta nauyin kawo shaida daga dubban rumfuna.

A nan ne ya kamata mai ƙaunar marigayin ya yi masa adalci, ya faɗi har abin da ba shi da daɗin ji. Gwamnatinsa ce da kanta, a 2009, ta ƙi amincewa da shawarar farko, ta ce naɗa shugaban INEC haƙƙin shugaban ƙasa ne. Mutumin da ya yi ƙarfin halin cewa zaɓensa na da aibi, bai yi ƙarfin halin sakin wannan iko ba. Ni a ganina wannan ce babbar asarar mulkinsa, domin ba a bai wa kura ajiyar nama, kuma ɗan takara bai dace ya naɗa wanda zai ƙirga masa ƙuri'a ba, komai nagartarsa.

Duk da haka ba a tashi a tutar babu ba. A zamaninsa hukuncin kotu ya yi daraja. Makonni kaɗan da hawansa Kotun Ƙoli ta mayar da Peter Obi kujerar gwamnan Anambra, ya ba da umarni a bi hukuncin alhali ɗan jam'iyyarsa ta PDP aka tsige. Adams Oshiomhole ya karɓi Edo ta hanyar kotu a 2008, Olusegun Mimiko ya karɓi Ondo a 2009, ba a tura soja su tare ƙofa ba. Ya saki kuɗin ƙananan hukumomin Legas da gwamnatin Obasanjo ta riƙe, ya bayyana kadarorinsa a fili, ya yi wa tsagerun yankin Neja Delta afuwa a 2009. Sai dai a wannan shekarar kuma aka kashe shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya tafi Jidda a Nuwamban 2009 ba tare da rubuta wa majalisa takardar miƙa mulki ba, ƙasa ta shiga ruɗani har 9 ga Fabrairun 2010 da majalisa ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi bisa larura. Daga wannan darasi aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki, aka sa wa'adin kwana 21 na rubuta irin wannan takarda.

Magadansa kowa ya tsinci wani abu daga rahoton ya bar wani. Jonathan ya naɗa Farfesa Attahiru Jega, ɗan kwamitin Uwais, shugaban INEC a 2010. A wannan shekarar aka ba hukumar 'yancin kuɗinta, aka ƙayyade wa kotun zaɓe kwana 180. Na'urar tantance katin zaɓe ta zo a 2015, kuma Jonathan ya kira Buhari ya amince da shan kaye tun ba a kammala sanar da sakamako ba. Wannan kira ya kare rayuka, tarihi ba zai manta masa ba. Buhari, wanda sau uku yana kai ƙarar zaɓe Kotun Ƙoli, ya fi kowa sanin zafin abin. Ya yi shekara 8 a kan mulki da rinjaye a majalisa, ya sa hannu a Dokar Zaɓe ta 2022 da ta ba na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS madogara a doka, amma ya sauka ba a kafa hukumar hukunta masu maguɗi ba, ikon naɗa shugaban INEC kuma yana nan inda ya tarar da shi.

Ku duba 2023. An rantsar da Shugaba Bola Tinubu a ranar 29 ga Mayu, Kotun Ƙoli ba ta yanke hukuncin ƙarshe ba sai 26 ga Oktoba. Wata biyar mutum yana naɗa ministoci, yana riƙe da baitulmali da jami'an tsaro, alhali ana shari'ar ko shi ya ci. Wane alƙali ne ba zai ji nauyin wannan ba? Abin da Uwais ya ce a kauce masa ke nan tun shekara 15 kafin nan.

Gyaran waɗannan abubuwa yana hannun Majalisar Tarayya da majalisun jihohi, domin sai kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24, sun amince kafin a taɓa tsarin mulki. Saboda haka duk sanata ko ɗan majalisar da ya zo mazaɓarku neman ƙuri'a, ku tambaye shi matsayinsa a kan wanda zai naɗa shugaban INEC, da kuma gama shari'a kafin rantsuwa. Ku sa ya faɗa a bainar jama'a, a naɗi muryarsa. A huta lafiya.