Ba Kowane Ciwo Ne Tsufa Ba

Idan dattijo ya fara yawan tashi fitsari cikin dare, ko fitsarin na fita da ƙyar, sai ka ji 'yan gida sun ce, "Ai tsufa ne." Galibi kumburin furostet ne, wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma yana zuwa da shekaru. Amma sankarar furostet ma takan zo da irin waɗannan alamu, ita ce kuma sankarar da ta fi kama maza a Najeriya. Likita ne zai bambance, da dubawa da gwajin jini na PSA.

A ɓangaren mata, sankarar mama ce kan gaba, sai ta bakin mahaifa. Tsohuwar da ta daɗe da daina al'ada, in jini ya dawo mata, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mu nan Zariya ba mu da uzurin nisa, tunda akwai sashen masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Shika, inda mutane ke zuwa daga jihohi daban-daban.

To, amma da wuya tsoho ya zo da ciwo ɗaya. Ga hawan jini, ga suga, ga gwiwa. Wannan likita ya rubuta nasa, wancan ya rubuta nasa, jika ya sayo na kemis, maƙwabciya ta aiko da sassaƙe. Nan ne ake yin ɓarna ba a sani ba. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, in an daɗe ana sha, suna ɗaga hawan jini, su taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki. Ranar ganin likita a tattara komai cikin leda ɗaya, har na gargajiyar, a ajiye masa a kan tebur.

Ko da an ce ciwon ya wuce warkewa, magani bai ƙare ba. A tambayi Baba me ya fi damunsa: rashin barci ne, ko kasa yin alwala da kansa, ko rabuwa da sallar jam'i? A gaya wa likita hakan, don shi ma ya san inda zai dosa. In raɗaɗi ya yi tsanani akan ba da mofin, kuma ba alamar an sallama mutum ba ce. Sai dai yana ɗaure ciki, don haka a tambayi maganin sassauta bayan gida tun ranar da aka fara shi.