Sharhi: Yuraniyom a Arlit, gawo a Maradi

Jama'a masu sauraro, tun shekarar 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, can arewacin Agadez. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan Nijar na cikin ƙasashen da ake ji da su wajen fitar da wannan ma'adini, wanda Faransa ke tafiyar da tashoshinta na nukiliya da shi. Amma a Nijar ɗin kanta, da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar ke da wutar lantarki. Da Najeriya ta yanke wutar da take turawa bayan juyin mulkin Yulin 2023, Yamai ma sai da ta kwana cikin duhu.

Mahukuntan soja sun ƙwace lasisin haƙo yuraniyom a Imouraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a 2024, suka mayar da Somair, kamfanin da ke haƙo yuraniyom a Arlit, mallakar gwamnati a 2025. Ga kuma bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. An yi ta murna, kuma ba laifi. To amma mutum nawa ramin haƙo ma'adini ke ɗauka aiki? Da aka rufe ramin yuraniyom na kamfanin Cominak kusa da Arlit a 2021, ɗaruruwan ma'aikata ne suka koma gida, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 25, akasarinsu manoma da makiyaya.

Mu leƙa gonakin Maradi da Damagaram. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, manoman yankin suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a riƙa yi musu aski har su zama bishiya. Babu injin, babu bashin banki, adda ce kawai da haƙuri. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da bishiyoyi wajen miliyan 200. Shi kuwa gawo, duk manomi ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su riƙe awaki da rani. Matar da a da take yini neman itacen girki, yanzu a gonar gida take samu, har ta kai rara kasuwa. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, malamin daji ba zai ci tararsa ba.

A ganina, nan ya kamata kuɗin mai da na yuraniyom su nufa. Albasar Galmi, da ake rububinta har Ghana, tana ruɓewa saboda rashin wurin ajiya mai kyau. Manomi na sayar da gero da arha lokacin kaka, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina, wani lokacin ma da bashi. Madatsar ruwa ta Kandadji kuwa, wadda ake sa ran ta ba da wuta da ruwan noman rani, tun 2008 aka aza harsashinta, har yau mutanen Tillaberi na jira.