Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a sama?

Assalamu alaikum. Kafin mu shigo ɗakin nan wani dattijo ya tare ni a ƙofa, ya ce, "Malam, takardar jirgina ta ce za mu tashi Kano ƙarfe goma na safe, mu sauka Jidda ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ashe awa shida da rabi za mu yi a rataye?" Na ce, Baba, kwantar da hankalinka, awa biyu daga ciki na agogo ne. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, takardar kuma lokacin garin da aka tashi take rubutawa, da lokacin garin da aka sauka. Cire biyun, saura huɗu da rabi.

To, ina huɗu da rabin suka fito? Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, in aka ja layi miƙe, kusan kilomita 3,400 ne. Babban jirgin fasinja, idan ya haye sama ya daidaita, yana cin kamar kilomita 850 a awa. Ku raba, za ku samu awa huɗu. Ragowar rabin awar ta hawa ce da sauka, da jiran layi. Iska ma tana da hannu: wata rana ta tura jirgi daga baya, wata rana ta tare shi a gaba, shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai.

Amma miƙaƙƙen layin nan ta kan Chadi yake bi, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa kewayewa. Kano ba ta matsa ba, Jidda ba ta matsa ba, amma tafiya ta yi tsawo, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi a kan kujera.

Abin da yake ba ni sha'awa, hanyar nan ita ce dai ta kakanninmu. Su a ƙafa da jakuna suke binta, su yi shekaru suna noma a hanya don samun guzuri, kafin su kai Sawakin su shiga jirgin ruwa. Wasu ba su ƙarasa ba, suka zauna a Sudan. Garin Mai Wurno da mutanenmu suka kafa a can yana nan har yau. Jiragen da suka fara sauka a Kano a 1925 ma daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Chadi, suna yada zango gari-gari.

Na ga an ɗaga hannu a baya can. Bismillah, Hajiya, a miƙa mata makirfo.