Yadda Ake Tono Kiɗan Da Ba A Ji A Rediyo, A Kai Shi Fada

Assalamu alaikum ƴan uwa na Damagaram da kewaye. Yau maganar kiɗa ce, amma ba wanda ake ji wurin biki ko a tashar mota ba. Iri uku za mu taɓa: na masu zaman kansu da ba su ƙarƙashin babban kamfani, na na'ura da ake haɗawa da kibod ko kwamfuta, da na gwaji, wanda mai shi ke wasa da sauti har wani lokaci ba baiti ba amshi. Ina ake samunsu, kuma yaya za ka sa wa aboki ya saurara bai ce "don Allah cire mana wannan" ba?

[Hoto: tsohon kaset kusa da kibod]

Mu fara daga gida, don da yawa sun ɗauka kiɗan na'ura na Turawa ne kawai. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da kibod ɗin lantarki ƙirar Italiya. An daɗe ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, shi ya sa manyanmu suka san sautin ko da ba su riƙe sunan ba. A 2013 Sahel Sounds, wani ƙaramin kamfani a Portland ta Amurka, ya sake fitar da shi a faifai. Su ne kuma a 2011 suka fitar da tarin waƙoƙin da aka kwaso daga kart memwar na wayoyin mutanen Sahara. Ta nan Mdou Moctar, mai gitar Abzinawa na Nijar, ya fita duniya, da waƙar da ya naɗa a Sakkwato a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Akwai kuma Hama na Yamai, mai aiki da kibod ɗin Yamaha.

To ga dabarar tono: ka bi kamfanin, kada ka tsaya kan mawaƙi ɗaya. Ƙananan kamfanonin nan mutum ɗaya ko biyu ne ke zaɓen abin da za su fitar, saboda haka in kunnenka ya yarda da faifai guda, mai yiwuwa zai yarda da na kusa da shi.

[Hoto: shafin Bandcamp a waya]

Buɗe Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa da ƙananan kamfanoni ke sayar da kiɗansu, rubuta sunan mawaƙin. Duba sunan kamfanin ka shiga. Sauka ƙasan shafi, akwai ƙananan kalmomi da ke nuna irin kiɗan da garin da ya fito. Taɓa ɗaya, wasu ɗaruruwa za su fito. Sai kuma ƙananan hotunan mutanen da suka sayi faifan. Wannan ne wurin da aka fi mantawa, alhali ya fi ko'ina albarka: shiga na mutum guda ka ga sauran abin da ya saya da kuɗinsa. Saurare kyauta ne, saye kuwa sai da katin banki ko PayPal, kuma nan ne yawancinmu ke tsayawa.

Don kiɗan gwaji da na rawa mai zafi, nemi Nyege Nyege Tapes na Kampala a Yuganda. Su suka kai singeli na Tanzaniya kunnen duniya, kiɗan da ke wuce bugu 200 a minti. Akwai kuma NTS, rediyon intanet na Landan da ya fara a 2011, kyauta. Shazam, manhajar da ke gano sunan waƙa in ta ji sautinta, ba ta cika gane irin waɗannan ba, don da yawansu ba su cikin rumbunta. Gara ka duba jerin sunayen waƙoƙin shirin da ka saurara a NTS ka rubuta.

Abin da YouTube ke turo maka da kansa ba ya kai ka nesa. Yana bin abin da jama'a suka fi kallo ne, kuma in ƙannenka na ɗaukar wayar, lissafinsa ya rikice ke nan.

Maganar forfe. Sauti mai nauyin kilobit 128 a daƙiƙa (kbps) yana cin kusan mega 1 a minti, awa ɗaya kusan mega 60. Na 320 kuwa kusan mega 2 da rabi a minti. A YouTube, mayar da hoton 144p tunda kunne ne ke aiki.

[Hoto: fada, butar shayi a kan gawayi]

Yanzu ɓangaren da ya fi wuya. Kada ka tura wa mutum waƙa hamsin ta Xender, ba zai buɗe ko ɗaya ba. Guda ɗaya, kuma ta kasance tana da dangantaka da abin da ya riga ya saba. Mai son gitar Abzinawa, fara masa da Hama, don salon da ya sani ne aka mayar kan kibod. Mai son amapiano, wanda ke tafiya wajen bugu 110 zuwa 115 a minti, ba shi kiɗan na'ura mai 120 ko 125 tukuna. In ka jefa masa singeli ranar farko, zai ce wayarka ta lalace. Wanda kuwa kunnensa ya saba da algaitar ƙofar fadar Sarkin Damagaram, inda mai busa ke jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba, shi ne ya fi kowa saurin karɓar kiɗan gwaji mai dogon amo ɗaya da ke canjawa a hankali. Ka gaya masa hakan kafin ka kunna.

Ka kuma faɗa masa inda zai kasa kunne: "Abokina, yi haƙuri zuwa minti na biyu, nan gangar ke shigowa." Irin kiɗan nan kan ɗauki lokaci kafin ya buɗe, mutane kuma ba su cika ba sabon abu fiye da daƙiƙa talatin ba.

Sau da yawa laifin ba na waƙar ba ne, na sifika ne. Ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa, kuma a kiɗan na'ura nan ne nauyin yake. Abin da zai rage sai ƙas-ƙas. Miƙa masa ekutar, ko a haɗa da babbar sifika ta Bluetooth. Lokaci ma na da nasa: ana tsakiyar gardamar ƙwallo ba mai ji, bari sai an kai shayi na uku hira ta lafa. A rage murya saboda maƙwabta, a kashe in an kira salla. In akwai waƙa a ciki da harshen da ba ka ji, bincika ma'anarta kafin ka sa a gaban manya.

Wajen turawa, kada ka kara waya a sifika ka naɗa kamar saƙon murya. WhatsApp na matse shi, hayaniyar wuri ta shiga, sunan mai kiɗan kuma ya ɓace. Tura adireshin shafin, ko fayil ɗin a matsayin takarda don ya isa yadda yake. Kafin nan gyara sunansa: mawaƙi, sunan waƙa, shekara. Fayil mai suna lambobi zalla, in ya ratsa waya uku ba wanda zai iya cewa na wane ne, balle a nemo sauran aikinsa. In kuma mai kiɗan na sayar da shi, adireshin ya fi fayil ɗin, ko a samu wani ɗan fada da ke waje mai katin banki ya saya.