Amsoshin Tambayoyinku: Idan Kamfani Ya Biya Kuɗin Bincike

Jama'a, lokaci na neman ƙure mana, sai mu ɗan yi sauri.

Wani mai sauraro ya tambaya, me ya sa kamfani ke ba jami'a kuɗin bincike? Malam, ba sadaka ba ce, riba yake hange.

Wata baiwar Allah kuma ta aiko da wasiƙa har shafi uku. Haba Hajiya, a riƙa tausaya mana! Tambayarta dai ita ce, shekara nawa takardar mallakar ƙirƙira ke yi, wato takardar da ke hana wasu amfani da abin da ka ƙirƙira ba da izininka ba? Shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, a yawancin ƙasashe.

Ga wadda ta fi yawa a jakarmu, akasari daga ɗaliban digiri na uku: kamfani ya ɗauki nauyin bincikenmu, yanzu ya ce kada mu wallafa sakamakon. Yana da wannan iko? Farfesa, bismillah.

"To, ai abin yana da tarihi. A 1980 Amurka ta yi dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati. Daga nan lauyoyi suka shigo ɗakin gwaji, aka buɗe ofisoshi..."

Ranka ya daɗe, ɗalibin nan so yake ya kammala karatu.

"Can na nufa. A Turai, in ka wallafa kafin a shigar da buƙatar mallaka, ka rasa ta. Amurka kuwa tana ɗaga ƙafa na shekara ɗaya. Saboda haka in kamfani ya ce a jira 'yan watanni, yana da hujja. Hanawa ɗungurungum ce matsala. A 1996, a Toronto, Dakta Nancy Olivieri ta ga maganin da take gwadawa ba ya yi wa wasu marasa lafiya aiki yadda ya kamata, ta so sanar da su. Kamfanin da ya ɗauki nauyin binciken ya dakatar da gwajin, ya yi barazanar kai ta kotu saboda sharaɗin sirri da ta sa wa hannu."

Bari in maimaita, don na san wasu yanzu suka kunna rediyo: jinkiri daban, hani daban. Ikon kamfani ya tsaya ne ga abin da aka rubuta a yarjejeniya. Ni kam na fi ganin laifin shugabannin jami'a da ɗokin kuɗi ke sa su rattaba hannu ba su karanta ba, sai ɗalibi ya kwana ciki.

Ɗalibi, nemi ganin yarjejeniyar, ka duba sakin layin da ya yi maganar wallafa. Kwana nawa aka rubuta? In babu adadi, kai maganar wurin mai duba aikinka tun yau, kada ka bari sai babi na ƙarshe.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa.