Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa, Daga Sashen Binciken Muhalli

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, Shugaban Jami'a, iyayenmu sarakuna, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, mun gode da ka taka ƙafa har wannan sashe duk da tarin hidimomin da ke gabanka.

Aikin da za mu nuna maka yau a kan dausayin Haɗeja da Nguru yake, da ciyawar kacala da ta mamaye shi. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja yana cika da damina ya ƙafe da rani, fari ya kashe ciyawar. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara saboda noman rani, sai ya kwanta ba zurfi, wanda shi ne abin da kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya cinye gonakin Nguru, mutanen ƙasa da can kuma suna kukan ƙarancinsa.

Wannan ya sa fanni ɗaya ba ya iya ɗaukar aikin. Masu nazarin ruwa suna karanta sandar awon zurfin ruwa safe da yamma, a bakin gada ɗaya, a lokaci ɗaya, domin in aka tsallake mako guda a watan Agusta lissafin ambaliyar shekarar ya lalace. Masu taswira suna amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, amma daga sama shinkafa da kacala kan yi kama, sai an shiga kwalekwale an tabbatar. Likitoci suna tattara katantanwar da ke ɓuya a gindin ciyawar, ita ce mai ɗauke da tsargiya. Masana aikin gona kuma suna bin tsuntsun jan-baki, da ke kwana cikin kacala ya wayi gari a gonar gero.

Wurin da aka fi yin asara shi ne wajen kawar da kacalar. Ƙonawa ba ta kashe ta, saiwar tana ƙarƙashin laka, bayan 'yan makonni ta sake tohowa. Dole a yanke ta ƙasa da saman ruwa, yadda ruwa zai rufe kututturen ya hana saiwar shan iska, a maimaita sau biyu ko uku a shekara. In ruwa ya janye kafin lokaci, aikin ya koma baya. Nan ne masana zamantakewa ke shigowa, don masunci da manomi da makiyayi kowa da lokacin da yake son ruwan.

Roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: a riƙa ba mu jadawalin sakin ruwa daga dam-dam ɗin nan biyu kafin a buɗe ƙofofi, domin mu daidaita lokacin yanka da shi.

Bayan addu'a za mu zagaya da kai ɗakin gwaje-gwaje, inda ɗalibai suka jera samfurin ruwa da laka. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.